In'inar Badi'a

Tunda kaka ta shigo, Mudassir ya koma zaman gida da yamma. Sai ya shimfiɗa tabarma, ya taya matarsa Badi'a ɓarar gyaɗa, yana jan ta da hira. Ita mai in'ina ce, tun tana yarinya a Kutama ta saba kame bakinta, amma yau ga miji yana jira har ta kai ƙarshen magana. Ta saki jiki, har ta ba shi labarin ranar da mahaifiyarta ta rasu.

Ranar Asabar ya ce ta ci kwalliya, zai kai ta Gwarzo ta ga wasan barkwancin da yake yi. Ya zaunar da ita a sahun gaba.

Sai ga shi a kan dandamali, ɗaure da ɗankwalinta, da farantin gyaɗa a hannu.

"I-i-inna ta... ta-ta ce in ba ta ru-ruwa..."

Fili ya kece da dariya, har da masu riƙe ciki.

A hanyar gida, a kan babur, ya waiwayo cike da fara'a.

"Wurin kukan ne bai zauna min ba tukuna. Gobe ki maimaita min."