Gujiyar Malam a Ramin Gafiya

Ruwan farko ya sauka a ƙasar Kajiji ran Talata, mai yawa, har lema, wato danshin ƙasa, ta kai kamu guda. Washegari da hantsi Mainasara ya hau rumbu don ya ɗauko irin gyaɗa, wadda su can suke kira gujiya, sai ya tarar da kwando wayam, faifan da aka rufe shi da shi yana gefe.

Ba gujiyar kasuwa ba ce. Wata 'yar ja ce mai saurin nuna, wadda marigayi Malam, uban gidan, ya yi shekara arba'in yana ware irinta. Ya rasu ya bar wa 'ya'yansa biyu, Mainasara da ƙanensa Ashiru, gona ɗaya da wannan iri. Duk damina Mainasara ke gaba yana sara da sungumi, Ashiru na biye yana zuba iri yana rufewa da diddige.

To, Mainasara mutum ne mai zuciya a kusa, kafin ka ce kwabo ya kai ƙarshen magana. Ya duba cikin rumbu bai ga ɓawo ko ɗaya ba. Kowa kuwa ya san kusu, wato ɓera, inda ya ci nan yake barin ɓawo da kashi. Tunda ba ɓawo, in ji shi, mai hannu ne ya ɗauka. Aka kuma samu wani ɗan ba-ni-na-iya ya ce ya ga Ashiru a kasuwar Boɗinga da ɗan buhu a bayan babur. Ashiru ya ce waken matarsa ne, wa ya saurare shi? Kafin azahar magana ta kai gaban mai gari, aka yanke cewa bayan la'asar Ashiru zai yi alwala ya dafa Alƙur'ani.

Uwarsu, Inna Zulai, tana bakin ɗaki Ashiru ya zo ya durƙusa. Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

“Inna, ni ban ɗauka ba, kuma zan dafa. Amma in Yaya ya bari na dafa, ba ni ba shi har ƙasa ta rufe min ido.”

Ta san wanda ta haifa. Ashiru ba ya magana biyu. Ta aika a kira Mainasara, ya ce yana zuwa, bai zo ba.

Tsohuwar nan fa ta haura saba'in, amma sha'anin masu haƙori, ɓera da danginsa, babu wanda ya kai ta. Jikarta Bahijja, mai karatu a Sakkwato, ta taɓa gaya mata cewa dangin ɓera a duniya sun fi kala dubu biyu, har akwai wani a wata ƙasa mai girman tunkiya. Inna Zulai ta yi dariya ta ce su riƙe kayansu, ita huɗu ta sani kuma sun ishe ta. Kusu a wurin yake ci. Kurege sai an shuka yake bi yana tonewa. Beguwa rogo da dankali take so. Ta huɗun ce ba ta ci a gaban mai kaya: gafiya, mai cika kumatu ta kai rami, ta dawo ta sake cikawa, ba ta gajiya.

Ta lallaɓa ta zagaya bayan rumbu, inda ba wanda ya leƙa. Can ƙasa, kusa da dutsen da rumbun ke kai, ta ga wani santsi a jikin bango, baƙi-baƙi, irin na abin da ya daɗe yana hawa da sauka. Ta bi wata 'yar siririyar hanya ta ƙarƙashin danga har gindin wani tsohon suri. Ga bakin rami nan, ƙwarya ƙarama za ta shiga.

Ba namiji ko ɗaya a gidan, duk sun tafi kallo. Ta ɗauki fartanya da kanta.

Ƙasar suri ko an yi ruwa dutse ce. Ta sara, ta huta, ta sara. Gumi na shiga mata ido, ƙirjinta na zafi. Ta sani sarai ramin gafiya ba gafiya kaɗai ke kwana ciki ba, kububuwa ma na son inuwarsa, kuma tsoro ya kama ta ƙwarai. Ramin ya rabu biyu, ta bi na dama, ya ƙare a banza. Tana komawa na hagu ta ji ladan ya kira la'asar.

Ta ce a ranta liman ba ya gaggawa, sai an yi salla, sai an yi nasiha. Ta ci gaba da sara. Fartanya ta zurma, wani abu ya yi fit ta tsakanin ƙafafunta, ƙatuwar gafiya mai farin wutsiya, kumatu a cike. Tsira da na bakinki, 'yar banza. Inna Zulai ta yi bisimilla, ta runtse ido, ta zura hannu har kafaɗa. Yatsunta suka taɓa ɓawo. Ta jawo, ga ta nan ja, gujiyar Malam, haɗe da ƙwallon dabino da wani tsohon cokali.

Ta cika bakin zane ta kama hanya, ba takalmi. Rabonta da gudu tun tana amarya. Yara na binta da ido, ita ko ƙofar mai gari kawai take hange, inda mutane suka yi da'ira.

Da'irar ta buɗe mata. Liman na mayar da Alƙur'ani cikin gafaka. Ashiru na tsaye, ruwan alwala bai bushe a gemunsa ba.

Ta kwance bakin zane, gujiya ta zube a tabarma da ƙasar rami a jikinta. Sai da ta samu numfashi ta ce, “Ranka shi daɗe, ga ɓarauniyar taku can bayan danga.”

Mainasara ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya juya ta. Ya buɗe baki zai kira sunan ƙanensa, Ashiru ya riga shi.

“Ka duba ɓawo, Yaya. Ni ba ka duba ni ba.”

Ya sa takalmansa ya ratsa mutane. Mai gari ya kira shi, liman ya kira shi, ya tsaya ya gaishe su da ladabi, ya wuce.

An tono sauran gujiyar a ranar, kusan duka, ta ishi shuka. Da safe lema na nan. Mainasara ya shiga gona da sungumi yana sara, ya kai ƙarshen layi ya waiwaya kamar yadda ya saba shekara goma sha biyar. Inna Zulai ce a bayansa, can nesa, da ƙwarya a hannu, tana zuba iri tana rufewa da diddige a hankali.