Ƙafar Takarkarin Alhaji

Rijiyar da ke yamma da Tabotaki zurfinta gaba talatin ne, kuma ba a jan ruwanta da hannu. Takarkari ake ɗaura wa igiya ya ja wasaki, babban gugan fata. Kowane garke da ranarsa, wanda ya rasa tasa sai ya jira jibi.

Takarkarin Yero ya mutu ranar Laraba, ranar garkensa kuwa Alhamis. Da sassafe matarsa Sa'ida ta ji da kunnenta lokacin da ya je aron takarkari wurin Alhaji Habibullahi, mutumin da shanun Yero suka shekara tara suna kwana gonarsa da rani suna zuba masa taki.

"Ayya, Yero," in ji Alhaji, yana sakace. "Sa na ƙahwa tai mai ciwo. Ko tashi ba shi iyawa."

Yero ya yi sallama ya juya. Irin mutanen nan ne dogaye sirara da kunya ta yi wa yawa. Ya je rijiya ya ɗaura igiyar a ƙugunsa, ya maye gurbin dabba. Shi ke ja, Sa'ida na juye ruwan a komi, shanu ashirin da shida na turereniya.

A ƙarƙashin gawo kuwa maza bakwai ne zaune kan tabarma, har da Alhajin. Ƙatti ne, kowanne da wuya kamar turmi, amma aikin da suka samu shi ne ƙirga wasaki. "Sha tara! Kai, Bahillacen ga ƙarhi garai!" Sa'ida ta dube su sau ɗaya, ta tofar da yawu. A ranta ta ce ko kaji sun fi su amfani, don kaza aƙalla tana tono.

A ja na ashirin da uku Yero ya riƙe numfashi ya yunƙura, sai ya tsaya cak, ya dafe ƙirjinsa ta dama. Igiya ta ja shi baya, ya durƙusa.

"Wani abu ya tsage ciki," ya ce mata da Fulatanci. Maganar ma da kyar ta fito.

Nan fa 'yan tabarma suka taso, kowa ya zama likita. Wannan ya ce a ba shi fura, wancan ya ce rana ce ta buge shi. Ɗanmaraya wanzami har ya zaro ƙaho daga zabirarsa zai tsotse mugun jini. Sa'ida ta ture hannunsa. Ta ga gefe ɗaya na ƙirjin mijinta ba ya motsi, leɓɓansa sun fara yin toka. Da ta taɓa wuyansa sai ta ji fatar na ƙaras-ƙaras ƙarƙashin yatsunta, kamar busasshen ganye. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba.

"Likita za mu," ta ce. "Yanzu."

Babur ba zai yiwu ba, mutum bai iya zama. Aka yi cirko-cirko. Alhaji ya dubi jama'a, ya ga idanu sun yi yawa, sai ya gyara hula.

"Ku jira in ɗauko shareti na. Maƙwabci ai ɗan'uwa na."

Ba a jima ba ga keken shanun ya iso, kuma wa ke jansa? Jan san nan mai ciwon ƙafa, yana taku kamar za shi biki.

Sa'ida ta so ta ce ba ta so. Wallahi ta so. Amma Yero na jan numfashi guntu-guntu, sai ta haɗiye, ta kama aka ɗora shi, ta jingina shi a jikinta. Duk tsawon hanya idonta na kan ƙafafun san. Ko tuntuɓe bai yi ba.

Manjo, babban ma'aikacin likitar, wato ƙaramin asibitin garin, ya sa abin saurare a ƙirjin, dama da hagu, bai ɓata lokaci ba. Ya ce yunƙurin ya huda huhu, iska ta fita ta taru cikin ƙirji tana matse shi. Ya soka allura tsakanin haƙarƙari, Sa'ida ta ji iskar na fita, fuuu. Yero ya ja dogon numfashi, ya buɗe ido. Manjo ya ce za a kira mota ta kai shi asibitin Bouza a sa masa tiyo, kuma kada ya sake ɗaukar ko tulu sai bayan watanni.

Da ta fito ta tarar da Alhaji a bakin ƙofa ya tara mutane. "Ba don san ga nawa ba, da yanzu muna gina kushewa. Ina hwaɗa muku, gudu ya yi tun daga rijiya!"

Ya hango ta, ya washe baki yana jiran godiya. "Matar Yero, ya mai jiki?"

"Da sauƙi, Alhaji. Mun gode."

Ta wuce shi ta je wurin san. Ta durƙusa, ta ɗaga ƙafarsa ta gaba ta duba kofato, ta ajiye. Ta ɗaga ta biyu. Ta zagaya baya, ba gaggawa, ta latsa ta uku da ta huɗu. Mutane suka zuba mata ido. Ta miƙe ta kakkaɓe hannunta a zane.

"Alhaji," ta ce, yadda kowa zai ji, "wace ƙahwa ce ma?"