Furen da Ambrose Ya Riƙe wa Lema

Mu a wannan yanki namu na Ingila, mutum ya gwammace haƙorinsa ya ruɓe a baki da ya buɗe bakin ya ce ga abin da yake so. Idan muna kwaɗayin abu, sai mu ce, "A'a, ba sai kun wahala ba," sannan mu koma gida mu yi ta fushi da wanda ya ɗauki maganarmu da gaske. A wannan hali kuwa Ambrose Tull ya fi mu duka nisa.

Ambrose tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Tun da matarsa ta rasu ya tattara ransa ya zuba a kan furen daliya, irin manyan nan na gasa. Yakan tsinke duk ƙananan toho don ƙarfin shukar ya tafi ga fure guda, har ya kai faɗin murfin tukunya. In hadari ya taso, sai ka gan shi a lambu yana ɗaure wa furanni lema, shi kuma ruwa na dukansa. Duk da haka na biyu yake zuwa kowace shekara a gasar ƙauye, maƙwabcinsa Hedley ne ke ɗauke kofin. Bana dodon koɗi ya cinye wa Hedley shuka tas, kowa ya san kofin na Ambrose ne.

Sai ga shi ɗaurin auren 'yarsa tilo, Verity, ya faɗo ranar gasar. Tun da aka sa rana abu ɗaya yake so a duniya: ta shiga coci riƙe da furensa. Bai faɗa ba. Abin da ya iya kawai shi ne ya riƙa cewa a waya, "Daliya dai bana ta yi kyau."

Ita kuma ta ce, "Madalla, Baba, kofi ya zo gida ke nan." Ta ɗauko mai sayar da furanni daga birni.

Ana gobe biki suka haɗu a tsohon gidan masu sarauta da aka kama don shagali, mai dogayen tagogi da hotunan kakannin wasu a bango. Madam Cressida, mai furannin, ta jera bokitai a ɗakin shan iska don amarya ta zaɓi abin da za a ɗaure mata. Duk farare ne da masu ruwan madara, ga wasu ganyayyaki masu launin toka. Ambrose ya dube su, a ransa ya ce kamar sun yi jinya. A fili kuwa ya ce, "Kai, sun yi kyau ƙwarai."

"Baba, wannan ko wannan?"

"Duk wanda kika ɗauka, 'yar nan."

"Ko dai in haɗa su?"

"Haɗa su ma dabara ce."

Yana ta gyaɗa kai, yana jin haushin kansa. Tsoho da furfurarsa, wanda ya taɓa tsayar da jirgi cike da mutane don tunkiya ta tsallaka, ga shi ya kasa haɗa kalma biyar a gaban yarinyar da ya goya. Ya kurɓi shayin da ya huce, ya yaba shi ma.

Can Verity ta tuna mayafin mahaifiyarta da ta ce ya zo da shi. Kafin ya miƙe ta zare makullin motar daga hannunsa ta fita. Ambrose kuwa ya san abin da ke kujerar gaba. Furen ne, gwarzon lambunsa, tsaye a bokiti, ya ɗaure shi da bel kamar fasinja. Da asuba ya yanke shi, ya gaya wa kansa wai zai biya ya ajiye a zauren gasa. Ya wuce zauren bai ko rage gudu ba.

Ta dawo rungume da bokitin, kanta ba ya ganuwa. Furen ja ne mai ruwan lemo, yana shiga ɗakin sauran furannin suka ƙara zama abin tausayi.

Madam Cressida ta dafe ƙirji. "Wannan fure ne ko kabeji?"

"Na gasa ne," in ji Verity, ta sauke shi a hankali. "Ko ba haka ba, Baba?"

"Na gasa ne."

"Ban taɓa ganin ka fitar da kamarsa ba."

"Ba laifi dai."

Ta tsaya tana kallonsa, ta kai yatsa kamar za ta taɓa, ta janye. A nan Ambrose ya gane abin da ya kamata ya gane tun bara. Jininsa ce. Tana so, ita ma ba za ta faɗa ba, don kada ta raba shi da kofin da ya yi shekaru yana bi. Su biyu sun shekara suna yi wa juna kara, kowa na cizon yatsa a ɓoye. Tausayinta ya kama shi, dariyar kansa kuma ta kusa ƙwace masa.

"Bari in mayar maka mota kada ya yi laushi," ta ce.

Yanzu ne lokacin da mai hankali zai ce, "Naki ne, riƙe shi gobe." Ambrose kuwa sai ya sunkuya kamar mai duba wani abu, ya sa yatsu biyu a tsakiyar furen, ya fizge kunne guda daga cikin jajayen ganyayensa. Gurbin ya fito fili. Alƙalan gasa ko daga bakin ƙofa za su hango shi.

"Kash," ya ce. "Ashe yana da aibi. Ba za su karɓa ba."

Verity ta ga abin da hannunsa ya yi, Madam Cressida ma ta gani.

"Ai kuwa, ga shi nan," in ji Verity. "To, Baba, tunda ya lalace, kada a yi asara. Sai in riƙe shi hakanan."

"Ba sai kin wahala ba."

"Ba wahala."

"Yana da nauyi fa."

"Sai ka tallafa mini."

Madam Cressida ta fara bayani a kan launin riga da na labule, ta dubi fuskokinsu, sai ta ɗauko farin zaren ɗaure fure.

Washegari Hedley ya ɗauke kofin da wani fure da dodon koɗi ya rage masa, wanda ko akuya za ta raina. Ambrose kuwa ya taka tsakiyar coci da 'yarsa a gefe, hannunsa ƙarƙashin gwiwar hannunta yana tallafe da nauyin, kunnen furen nan na cikin aljihun ƙirjinsa. Hotunan sun fito, duk ƙauye mun gani. Ba a ga fuskar amarya a ko ɗaya ba, furen ya rufe ta. Tasa ce ta fito tar, jiƙe sharkaf, kuma har yau in ka tambaye shi zai ce maka mura ce.