Awon Ƙugun Tsinke

Shekara ashirin da uku ke nan Mai Keke tana ɗinka wa mijinta wando, kuma ba ta taɓa faɗa masa gaskiyar awonsa ba. Ba shi kaɗai take ɓoye wa ba. Tun tana koyon sana'a, matar da ta koya mata ta ja mata kunne cewa tela ba ya faɗin lamba da ƙarfi. Ki zagaya tef, ki danne da babban yatsa, ki riƙe a ranki. In mutum ya tambaya, ki ce masa yana nan yadda yake. Wanda aka ce wa ya ƙara ƙiba ba ya dawowa shago, wanda aka ce wa ya rame kuma ya tafi da damuwa.

Mijin nata direba ne, shi ke ɗaukar ma'aikatan wani kamfani da safe ya dawo da su da yamma, tsakani kuma a yi ta aikensa. Tun yana saurayi ake ce masa Tsinke saboda sirantarsa, sunan ya bi shi har bayan da jikin ya daina amsawa. Ranar da ta fara auna shi, suna sabon aure, ƙugunsa inci talatin da biyu ne, ta kuwa faɗa masa da murna. Ya riƙe lambar nan gam. Duk shekara in ta durƙusa da tef a gabansa sai ya shanye ciki ya ce, "Mai Keke, yaya labari?" Ita kuma ta ce yana nan. A wurin aiki in abokai suka taɓa tumbinsa suna tambayar wata nawa ne, sai ya ce iska ce kawai, ƙugu na nan talatin da biyu, wanda ke musu ya je ya tambayi ƙwararriya. Bai taɓa sayen wandon kanti ba balle kanti ya ƙaryata ta.

Awa goma yake yi a kan kujerar mota. Shayinsa cokali uku na suga, burodinsa rabin sanda, kwalbar lemo kullum tana jingine kusa da giyar mota. Ita dai tana ƙara yadi, tana sakin ɗinki ta baya inda ba zai gani ba.

Cikin wata huɗun da suka wuce sai abin ya juya. Wando ya fara zamewa, ya huda sabon rami a bel ɗinsa da ƙusa. Abokan aiki suka yi ta yi masa barka, wai Tsinke zai koma tsinke. Ita ma ta ji daɗi, ta tsuke masa wanduna biyu tana 'yar waƙa. Ta ga yawan shan ruwan da yake yi ta ɗora wa zafi. Ta ji yana ba da labarin yadda yake tsayar da mota cike da mutane ya zagaya bayan gini ya yi fitsari, ta taya shi dariya. Sai da aka yi wa direbobin kamfanin gwajin lafiya na shekara, aka ba shi takarda aka ce ya je asibiti kada ya ɓata lokaci. Ta rufe shagonta da ke jikin gidansu ta bi shi.

Likitar mace ce, ba ta kai su shekaru ba, mai magana a hankali. Ta duba sakamakon jinin ta ce ciwon suga ne, kuma ya daɗe a jikinsa. Ta yi musu bayani yadda za su gane. Jiki yana da wani sinadari, insulin, wanda ke shigar da suga cikin tsoka ta zama ƙarfi. Kitsen da ke taruwa a ciki, musamman kewayen ƙugu, yana sa jiki ya daina jin maganar sinadarin, sai sugar ta tsaya a jini. Ta ce ba kowane mai ƙiba ke kamuwa ba, akwai gado a ciki, akwai sirara ma masu ciwon, amma ga mai zaman kujera irinsa ƙugu ne abin da aka fara dubawa.

Tsinke ya saurara har ta kai aya, sannan ya yi murmushin wanda ya kama mutum da kuskure. Ya ce to ai magana ta ƙare, shi ramewa yake yi, ga bel ɗinsa shaida. Likitar ta ce ramar ita ce ta fi damunta. Sugar da ta kasa shiga tsoka tana fita ne ta fitsari, jiki kuma yana cin naman kansa don ya rayu. Ramar da mutum ya nema da tafiya da rage ci daban, wadda ta zo masa bai nema ba daban. Ta tambaye shi nauyinsa na da, ya ce shi ba buhu ba ne da zai riƙa hawa sikeli. Ta tambayi awon wandonsa.

"Talatin da biyu," in ji shi. "Tun ranar da na yi aure."

Likitar ta ɗauko tef daga aljihun tebur, ta nemi izini, ta zagaya shi daidai cibiya. Ta ce talatin da tara ne, bayan duk ramar da ya yi.

"Tef ɗinki ya miƙe, likita. Ga matata nan, tela ce, shekara ashirin da uku tana auna ni. Mai Keke, faɗa mata."

Suka juyo gare ta su biyu. Mai Keke ta dubi tef ɗin da ke hannun likitar, irin nata ne sak, ruwan ɗorawa, har da ɗan ƙarfen baki. Ta dubi mijinta, rigarsa a ɗage, cikinsa a waje gaban baƙuwar mace, yana jiran ta rufa masa asiri kamar kullum. Bakinta ya riga tunaninta.

"Tef yakan bambanta," ta ce, tana kallon ƙasa.

Likitar ba ta ja maganar ba. Ta rubuta magani, ta lissafa abin da zai rage, ta ce ya dawo bayan mako biyu. Da suka miƙe ta tambaye shi ko idonsa yana yin hazo. Ya ce ƙura ce ta hanya. Ta ce suga mai yawa tana dagula gani, in an fara magani yakan washe, amma kafin nan kada ya tuƙa mutane.

A hanyar gida ya yi ta raha. Wai wadda ba ta iya auna ƙugu ba, abin da ido yake gani, ita ce za ta auna jini? Da suka isa gida ya ninke takardar maganin ya tura ƙarƙashin rediyo, washegari ya ɗauki makullinsa ya fita aiki.

Kwana shida Mai Keke ba ta yi ɗinkin kirki ba. Ta haɗa hannun riga a baibai ta farke, ta sake haɗawa ta sake farkewa. Duk sanda babbar mota ta yi ƙarar birki a titi sai ƙafarta ta tsaya a kan keken ɗinki. Mutum goma sha takwas mijinta yake ɗauka. Ta san wasunsu, ta ɗinka wa matansu kaya. Ta gwada bi ta gefe: ta rage masa suga a shayi, ya miƙa hannu ya ƙara; ta ce ko za ta karɓo maganin a ajiye kawai, ya ce ita ma ta ji da kunnenta yarinyar ba ta san aikinta ba. Ta ga cewa da maganarta ya gina katangar da yake fakewa a bayanta, kuma babu mai rushe ta sai ita.

A rana ta bakwai ya dawo tun rana na tsaka, abin da bai saba ba. Ya zauna a kujerar da masu kawo ɗinki ke zama, ya nemi ruwa, ya shanye kofi biyu. Sannan ya fara ba da labari da muryar wasa. Wai a mahaɗar hanya fitila ta nuna ja, shi kuma rana ta haske masa ido, sai da wata ma'aikaciya a baya ta ƙwalla ihu ya taka birki, hancin motar ya riga ya shiga tsakiya. Ba abin da ya faru, mutane ne da tsoro. Ya ce wa shugabansu kansa ke ciwo, gobe zai koma. Yana dariya, ya miƙa kofin a ƙara masa ruwa.

Mai Keke ta miƙe. Ta jawo kujera ta hau, ta sauko da wani tsohon gwangwanin biskit daga saman kabad.

Lokacin da ta fara sana'a ba ta iya rubutu ba, sai daga baya ta shiga ajin manya. A wancan zamanin, in ta auna mutum sai ta yanki siririn ƙyalle daga yadinsa daidai tsawon ƙugunsa ta ajiye. Da ta iya rubutu ta koma littafi don sauran mutane, amma nasa ba ta taɓa rubutawa ba, gudun kada ya buɗe ya gani. Ta ci gaba da yankar ƙyalle, duk shekara ɗaya.

Ta share teburin yanka, ta shiga jera su, bakinsu ɗaya a gefen tebur. Tsinke ya matso don ya ga abin da take yi. Ya gane na farko, ruwan toka, wandon da ya sa ranar da ya fara aiki a kamfanin. Ya gane shuɗin da ya sa ranar da aka haifi 'yarsu ta fari. Ya gane mai ratsin da aka ɗauke shi hoto da shi. Kowane ƙyalle ya ɗara na bayansa da ɗan yatsa, wani da yatsa biyu, suna hawa kamar matakala har kusan ƙarshen tebur. Na ƙarshe kuma ya faɗo baya gaba ɗaya.

"Wannan shi ne talatin da biyu, Maigida," ta ce, ta taɓa ruwan tokan. Ta kai hannu kan mafi tsawo. "Wannan na bara ne, arba'in da biyu. Tef ɗin likita lafiyarsa ƙalau. Ni ce na yi ƙarya, ranar nan da duk shekarun baya."

Ya ɗauki ruwan tokan ya zagaya a jikinsa, bakunan biyu suka tsaya nesa da juna, tumbin a tsakani. Ya ajiye shi a hankali.

"Kin ɗauka ban san ina nishi in zan ɗaura igiyar takalmi ba?" in ji shi. "Na sani. Amma in kika ce yana nan, sai in ce ita ta fi ni sani." Ya shafa fuskarsa. "A gaban likita ma, Mai Keke."

Ta so ta ce don kada ya ji kunya ne, ta so ta kawo maganar matar da ta koya mata ɗinki. Ta ga babu wadda za ta amfane shi. Abin da ke cinta tun ranar asibiti ya fito da kansa: ta tambaye shi ko yana ganin da ta faɗa tun a ƙyalle na biyar, da abin bai kai haka ba. Ya ce bai sani ba, wataƙila da ya yi fushi ne kawai ya koma wurin wani tela. Bai ce ya yafe ba, ita ma ba ta roƙa ba.

Ya shiga ɗaki, ta ji ya ɗaga rediyo. Ya fito da takardar, ya miƙa ta nesa da idonsa, ya matso da ita, ya sake nisantawa, sannan ya ba ta ya ce ta karanta masa. Ta karanta. Ya zaro makullin motar daga aljihu ya ɗora kan tebur kusa da ƙyallayen. Ya ce gobe zai kai wa shugabansu ya faɗa masa maganar ido, kuma bai san ko za su riƙe masa kujerar ba. Akwai matasa biyu da suka daɗe suna jiranta.

Ta ɗauko mayafinta za ta tafi kantin magani, ya tsayar da ita. Ya miƙe tsaye a tsakiyar shagon, ya ɗage riga, ya buɗe hannuwa kamar yadda ya saba. Wannan karon bai shanye ciki ba.

"Auna," ya ce. "Ki faɗa in ji."

Ta durƙusa, ta zagaya tef daidai cibiya, ta danne da babban yatsa.

"Talatin da takwas da rabi."

Ya rage rabin inci cikin kwana bakwai. Babu wanda ya yi murna a cikinsu.