Jirgin da Ke Bangon Kaltume

Kaltume ta zana jirgi a bangon ɗakinta, ita da jikokinta biyu, shekarar da jirgin ƙasa ya fara shiga Zariya. Ɗanta Ɗanmalam ya ce sai an shafe. Ni, Umaru, aka kira in shafe, don ni ne magini, ni ne kuma ƙanenta.

A lokacin muna wani ɗan ƙauye ta wajen Samaru, gidaje kaɗan a tsakiyar gonaki. Kaltume ba ta taɓa ganin jirgin ƙasa ba. Ƙafafunta sun mutu tun kafin a shimfiɗa layin dogo. Daga gado sai tabarmar ƙofar ɗaki. Amma jirgi ta san shi. Ubanmu fito yake yi a kogin Galma, tana yarinya ita ke kwashe masa ruwa da ƙwarya. In aka ce jirgi, abu ɗaya take gani: fafaffen itace, da ruwa a ƙarƙashinsa.

Duk shekara bayan girbi takan sa a yaɓe mata ɗaki, ta yi masa zane. Mata kan zo su gani, su koma su kwaikwaya. A wannan shekarar hannunta ya fara rawa, idon ya fara dushewa. Da bakinta ta ce na bana shi ne na ƙarshe.

Ɗanmalam auduga yake saye a Sabon Gari, kusa da tasha. Wata rana ya tafi da yaransa, Zubaidatu da ƙanenta Sati. Ina gyaran danga suka dawo da gudu.

"Goggo, mun ga jirgi!" in ji Sati.

"A wane kogi?"

"Ba kogi. A ƙasa yake tafiya, cikin gonaki."

"Kai, maigidana, ƙarya da rana tsaka? Su wa ke tuƙa shi?"

"Wuta," in ji Zubaidatu. "Wuta ce a cikinsa, hayaƙi na fita ta ka."

"Mutum nawa yake ɗauka?"

"Duk garin nan, har da awaki."

Kaltume ta dubi bangon ɗakinta. Can ta ce, "Ku tattaro mini sakaina."

Daga ranar gidan bai huta ba. Ta aiki Sati kwari ya haƙo jar ƙasa. Zubaidatu ta kankare baƙin gindin tukwane, ta jiƙa farar ƙasa, ta roƙo shuni wurin marina. Suka jiƙa ƙaro suka zuba wa kowane launi don ya kama bango. Suka tauna bakin tsinkaye ya yi laushi, suka fige wa zakaran gidan gashin wutsiya, ya yi kwanaki yana ɓuya a bayan rumbu. Sati har rafin Kubanni ya je, ya ɗebo yashin nan mai walƙiya a cikin hularsa. Da yamma sai su fito, fuska ja, hanci baƙi, uwarsu na faɗa.

Ban shiga ba. Ni gini nake yi. Zanen mata da yara ba aikina ba ne. Amma bango ba ya tare murya.

"Goggo, ba haka yake ba. Yana da ƙafafu."

"Jirgi da ƙafa? To jaki kuka gani."

"Wallahi yana da su, na ƙarfe, suna juyawa."

"To sa masa. Amma a ƙarƙashin ruwa, kada su ba shi kunya."

"Ai babu ruwan, Goggo. Dawa ce."

"Ke yarinya, ja layinki. Na ji dawar."

Wata rana kuma yaran ƙauyen duka ta sa aka kira. Suka shiga ɗaya bayan ɗaya, kowa ya fito da farin tafi yana dariya.

Wani mai kai itace Sabon Gari ya leƙa, ya kai labari. Kafin Juma'a ta zagayo an sa wa Ɗanmalam suna Ɗan Fito. In ya ratsa tasha sai 'yan dako su ɗaga murya: "Ɗan Fito, ruwa ya janye? Kano za ka tsallakar da mu!" Shi kuwa mutum ne mai son a gan shi da girma.

Ya same ni a zaure. "Kawu, an mai da ni abin dariya. Kwalekwale ta zana, da hayaƙi. Ka zo ka yaɓe."

Na yarda. Abin da ba daidai ba, ba na barinsa a bango, ko nawa ko na wani.

Muka gaya mata. Ta saurara har muka gama.

"Wa ya ce ba haka yake ba?"

"Ni, Goggo. Kullum ina ganinsa."

"Kai auduga ka sani. Kawo mini wanda ke cikinsa. In ya ce ba haka yake ba, Umaru ya shafe, ba zan ce uffan ba."

Sai ya kawo Albert, wani mutumin Lakwaja mai zuba wa jirgi wuta. Dogo ne, hannunsa duk tabon ƙuna, Hausarsa ta mutanen bakin kogi. Da hantsi suka iso. Na riga na kwaɓa ƙasa na cika kasko. Na ɗauka, muka yi sallama, muka shiga.

Ƙofar ɗakin gabas take kallo. Rana ta shigo ta bayanmu ta faɗa kan bangon.

Na ajiye kaskon.

Jirgin ya ɗauki bango guda, daga wannan kusurwa har waccan, ya lanƙwasa ya ci rabin na biyu. Ja ne, dogo, da goshi a ɗage irin na jiragen Galma. A ƙasa-ƙasa yake, daidai inda hannun mai zaune zai kai. A tsakiyarsa murhu, wuta na ci. Hayaƙin ya tashi baƙi, ya murɗa, ya hau har rufin ɗaki, inda sai an taka turmi ake kaiwa. A ƙarƙashinsa ruwa ne na shuni, igiya bayan igiya, kuma a kan kowace igiya zangarniyar dawa ta fito, duk sun kwanta gefe guda kamar iska ta bi ta kansu. Can cikin ruwan ga ƙafafun nan zagayayyu, a ɓoye. Yashin da Sati ya ɗebo sun watsa shi a kan shunin tun yana ɗanye. Da rana ta taɓa shi sai ruwan ya kama motsi. Na matsa hagu, ya motsa. Na matsa dama, ya motsa. Na ji ƙasar ɗakin kamar ba ta tsaye.

Ba fuska ko ɗaya. Kaltume ba ta zana mai rai. Mutanen cikin jirgin tafukan hannu ne, farare, ƙanana, a jere, yatsu a sama. Na gane na ɗan maƙwabcinmu mai gajeren ɗan yatsa. A can gaba akwai babba guda, gefensa ya ɗan goge saboda rawar hannu. Matar da ba ta iya kai kanta bakin rijiya ta shiga jirgi, ita ce a gaba.

Na gina soro a birni. Na ga zanen manyan magina a zaurukan masu sarauta. Ban taɓa tsayawa gaban bango na manta abin da ya kawo ni ba sai ranar.

Kaltume na zaune a gado. Zubaidatu ta maƙale a bayanta. Sati ya tsaya gaban bangon, ya ware hannuwa kamar mai tare akuya.

"Sannu, Iya," in ji Albert. Ya cire hula.

"Yauwa, ɗana. Kai ne mai wutar?"

"Ni ne."

"To duba. Haka yake ko ba haka yake ba? Kada ka ji kunyar tsufana."

Albert ya daɗe yana kallo. Ya bi jirgin daga baya har gaba.

"Iya, ba zan yi miki ƙarya ba. Namu ƙarfe ne, baƙi. Ɗaki-ɗaki ne a haɗe. Ba shi da goshi. Ƙafafunsa a fili suke."

"Kin ji ko, Goggo?" in ji Ɗanmalam.

"Na ji." Ta juyo wurina. "Na yi alkawari. Umaru, shafe. Sati, matsa wa kakanka."

Sati bai matsa ba. Zubaidatu ta fara kuka, ba sauti.

Albert kuwa bai ɗauke ido daga bangon ba. Ya tsuguna, ya kai yatsa kusa da zangarniyar dawa, bai taɓa ba.

"Iya, wa ya gaya miki wannan?"

"Wanne?"

"Dawar. In damina ta yi nisa, muka bar Zariya muka nufi Kano, dawa ta fi mutum tsayi, hagu da dama har ƙarshen gani. Iska na kwantar da ita tana tashi. Ba ka ganin ƙasa, ba ka ganin dogo. Jirgin yana rausaya da kai. Ni ɗan bakin kogi ne. Sau da yawa nakan ɗago daga bakin wuta in ɗauka a kan kogin Kwara nake. Ban taɓa gaya wa kowa ba, kada a ce zafi ya taɓa mini kai."

"Ba wanda ya gaya mini," in ji Kaltume. "Sun ce jirgi ne. Sun ce cikin dawa yake tafiya. To a kan me zai tafi?"

"Ikon Allah," in ji Albert a hankali. Ya juyo wurin Ɗanmalam. "Abokina, in kana tsaye a tasha, ba haka yake ba. In kana ciki, haka yake."

"Masu yi mini dariya a tasha suke tsaye," in ji Ɗanmalam. "Ba a ciki suke ba."

Gaskiya ya faɗa, gobe ma za su kira shi Ɗan Fito. Na ga shi ma ya saci kallon bangon, ya kawar da kai da sauri.

Rana ta ƙara hawa. Hasken ya sauka daga hayaƙin, ya bi tafukan yaran ɗaya bayan ɗaya, ya koma kan ruwan. Na sunkuya na cika hannu da ƙasa. Na miƙe. Na nemi inda zan fara. In na fara ta baya, tafukan yara ne. In na fara ta ƙasa, dawa ce. Ta gaba ban ma duba ba. Ƙasar na ɗiga ta tsakanin yatsuna a kan daɓe.

"Yi maza, Umaru," in ji Kaltume. "Kada ka ja wa yaran rai."

"Kawu," in ji Ɗanmalam, "ƙasar za ta bushe."

Na mayar da ita cikin kasko. Na goge hannuna a jikin riga.

"Ta bushe," na ce. "Ba zan shafe ba."