Ban da Kai

Baturen da ya auna kanal ɗin da ya ratsa tsakanin Kura da Bunkure mutumin Amurka ne. Da zai koma gida a shekarar 1983, sai ya tambayi samarin ƙauyen da ya zauna me suke so ya aiko musu. Suka ce kayan ƙwallo. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce ai shi ma ɗan ƙwallo ne a ƙasarsu. Bayan wata biyar sai ga katon akwati a bayan motar tumatir.

Da aka ɓalle murfin, kowa ya leƙa ciki. Babu takalmi, babu riga. Hulunan kwano ne guda ashirin da biyu, kowace da waya a gaban baki kamar takunkumi, sai ƙwallo biyu masu siffar gwanda, da wani ƙyalle rawaya, da littafi mai kauri.

"Ko dai akwatin masu babur aka kawo mana?" in ji Ɗanladi, shugaban ƙungiyar samarin.

Aka miƙa wa Maharazu littafin, don shi ne alƙalin wasan garin, kuma shi ke karanta wa mutane wasiƙa. Aikinsa na safe buɗe ƙofar ruwa ne da rufewa, ya saba da raba abu bisa doka ko da za a zage shi. Ya duba bangon, ya ce a nan dai ƙwallon ƙafa aka rubuta. A cikin littafin kuma akwai takardar Bature, yana roƙon in sun buga su aika masa hoto. Ɗanladi ya ce ai ba a raina kyauta, za a buga ko da ba a san mene ne ba.

Kwana bakwai Maharazu ya yi yana fama da littafin nan a bakin kanal, kuma kullum sai ya tashi da ruɗewar da ta fi ta jiya. Sun ce ƙwallon ƙafa ne, amma a hannu ake rungumar sa. Sun ce halal ne ka kayar da mutum ƙasa, har ma a yaba maka. Sannan a shafi na arba'in suka ce haram ne ka sunkuyar da kai ka doki mutum da hular. Wanda ya yi, alƙali ya jefa ƙyallen rawaya.

"To me ya sa aka ba su hular?" in ji matarsa Sa'a, tana tsince shinkafa.

"Don ta kare kai."

"Daga me?"

"Daga karo."

"Ba ka ce an hana karon ba?"

Maharazu ya rufe littafin ya ce a zubo masa abinci.

Abu ɗaya ne kawai ya gane sarai. A ƙasan dokar akwai zanen ƙashin wuyan mutum, an ja kibiya a inda yake karyewa. Hular tana kare ƙoƙon kai, amma wuya ba shi da mai kare shi. Wannan bai buƙaci Turanci ba. Kawunsa ya taɓa faɗowa daga kan bishiyar kuka da ka, ya shekara biyu a kwance ana juya shi kafin Allah ya karɓi abinsa. Don haka Maharazu ya yanke cewa ko duk dokokin sun ɓace masa, wannan ɗaya zai riƙe ta da haƙori.

Wanda ya fi jiye wa tsoro kuwa shi ne Gidaɗo. Gidaɗo Bafulatani ne, rugarsu tana bayan kanal tun kafin a haƙa kanal ɗin, kuma babu mai kama shi a gudu duk ƙasar nan. Maharazu ne ya shigo da shi ƙungiya, bayan an sha gardama, domin tun da noman rani ya cinye burtali ake ta ƙananan maganganu tsakanin gari da ruga: yau shanu sun taka bakin kanal, gobe sun ci yabanya. Shi kaɗai ne ɗan ruga da ke shiga cikin samarin gari ya zauna. Maharazu yana son sa har zuciya, kuma ya san in Gidaɗo ya fita, ba wani da zai sake tsallako kanal da sunan wasa.

Ran Juma'a bayan la'asar aka taru a filin firamare. An ɗauko mai hoto daga Kura. Samari ashirin da biyu suka shiga huluna, kowa ya daina gane ɗan'uwansa, sai ta ƙafa. Maharazu ya tsaya ya yi bayanin doka dalla-dalla, suna ta gyaɗa kai. Bai sani ba soson da ke cikin hular ya toshe musu kunnuwa, gyaɗawar ta ladabi ce kawai.

Ya busa usur.

Abin da ya biyo baya, ko shi Baturen da ya gani sai ya rantse ba wasansu ba ne. Wani ya shuri ƙwallon ta yi tsalle ta dawo bayansa. Masu tsaron gida biyu suka je suka tsaya a raga, ko da yake littafin bai ambaci raga ba. Bilya mai faci ya rungumi ƙwallo ya zura da gudu, jama'a na ihu, sai da ya kai ƙarshen fili aka gane gidansu ya kai. Maharazu yana gudu yana buɗe littafi, kafin ya samo shafin laifi ɗaya an yi uku.

Sai ƙwallo ta faɗa hannun Gidaɗo. Mutumin da ya tashi cikin bajimai, aka ɗora masa kwano a ka, aka ce ratsa cikin mutane, me kuke zaton zai yi? Ya sunkuyar da kai ya nufi Hambali, wani ɗan wasan ɗaya ɓangaren, ya daki ƙirjinsa, Hambali ya zube kamar buhu. Maharazu ya jefa ƙyallen rawaya. Wani dattijo a bakin fili ya tsince shi, ya kaɗe ƙura, ya miƙo masa da hannu biyu.

"Gidaɗo!" ya ƙwala. "Ban da kai!"

Gidaɗo ya waigo, ya tsaya jim, ya ci gaba.

Ba a jima ba aka sake. Wannan karon Hambali ma ya koyi darasi, ya sunkuyar da nasa kan, hula ta haɗu da hula, aka ji ƙara har gonakin albasa. Maharazu ya ga wuyan Gidaɗo ya lanƙwashe, ya ga kawunsa a kwance. Ya sheƙo a guje, usur a gefen baki, yana haki, ya ɗaga yatsa ya nuna hular da ke kan Gidaɗo.

"Na ce ban da kai! Ban da kai a wasan nan! Sau nawa zan faɗa?"

To, Bahaushe ba ya rikita kan da ke bisa wuya da "kai" ɗin da ake nuna mutum da shi, muryarsu ba ɗaya ba ce. Amma mai haki da usur a baki muryarsa ba ta da sama ba ta da ƙasa, ga shi kuma yatsansa yana tsaye a fuskar mutum.

Gidaɗo ya cire hular a hankali, ya ajiye ta a ƙasa, ya juya ya nufi kanal. Sai tafi ya ɓarke a bakin fili, har da masu fito. Maharazu ya ji daɗi, ya ɗauka jama'a sun ga alƙalin da ya san doka. Shi kuwa Gidaɗo, a zaton Maharazu kansa ne ke ciwo, ya tafi ya kwanta. Aka ci gaba da goma sha ɗaya da goma har magariba, ba wanda ya san wa ya ci.

Washegari da safe yana buɗe wa Ɗanladi ruwa, sai Ɗanladi ya kama hannunsa ya girgiza.

"Alƙali, jiya ka burge ni. Gara da ka fito fili ka faɗa masa. Mu da muke ta jin nauyi."

"Na faɗa masa me?"

"Cewa ban da shi mana."

Maharazu ya tsaya da makullin ƙofar ruwa a hannu. Ya maimaita maganar jiya a bakinsa sau ɗaya, sau biyu. Sai a nan ya gane. Ya bar ruwa yana kwarara, ya tsallake kanal ta kan kwalbati.

Ya tarar da Gidaɗo yana kwance maruƙa. Suka gaisa, gaisuwar da ba ta da gishiri. Maharazu ya tsuguna ya fara bayani, yana dafa kansa, yana nuna wuyansa, yana zana ƙashi a ƙasa da tsinke. Ya rantse da Allah kai yake nufi, wannan kan, ba shi Gidaɗo ba. Da ya ji yadda maganar ke fita daga bakinsa, "ba kai ba, kai," sai shi kansa ya rasa inda ya dosa.

Gidaɗo ya yi ɗan murmushi.

"Na gane, Alƙali. Tun jiya ina isowa bakin ruwa na gane. Na san ba halinka ba ne."

"Alhamdu lillahi! To ran Juma'a ka zo. Zan tsaya a gaban kowa in yi bayani."

Gidaɗo ya ci gaba da kwance igiya, bai ɗago ba.

"Ni hula ce ta toshe mini kunne," ya ce. "Waɗanda suka yi tafi fa? Akwai hula a kansu?"

Maharazu ya tuna fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, mutanen da yake salla da su, ya tuna shi ma har da ɗan rusunawa ya yi musu. Kunya ta rufe shi.

"Ka gaida Sa'a," in ji Gidaɗo. Ya kora maruƙansa ya yi gabas, bai waiwayo ba.