Tuban Baba Kuwabara

Shekara shida Fasto Wendell ya yi a garin Yonago yana koyar da Turanci kyauta, kuma a shekara shidan nan ko mutum ɗaya bai yi wa baftisma ba. Ajinsa na safiyar Talata kuwa kullum cike yake da tsofaffi goma sha ɗaya da suka ajiye aiki. Minti arba'in na Turanci, minti ashirin na Bishara, haka tsarin yake. A minti ashirin ɗin nan sukan yi ta gyaɗa kai har ka rantse gobe za su kafa coci. Da ya rufe littafi sai su sunkuya, su yi masa sannu da ƙoƙari, su wuce shagon taliya.

Ana nan sai wasiƙa ta zo daga cocin da ya turo shi. An cika ta da daɗin baki, amma maganar ɗaya ce: idan Ista ta wuce babu wanda ya tuba, ya tattara nasa ya nasa ya dawo gida. Wendell kuwa ko kaɗan ba ya son komawa. Ya saba da wankan ruwan zafi, ya saba da mutanen da ba sa yi masa musu, abin da bai taɓa samu ba a ƙasarsu. Ranar Talata ya karanta wa ajin wasiƙar, wai don su ga yadda ake rubuta wasiƙa da Turanci. Bai kai layi na uku ba muryarsa ta fara rawa, kowa ya sunkuyar da kai don kada ya ƙara masa kunya.

Mako na zagayowa, Kuwabara, tsohon direban bas da ya shekara shida yana kokawa da darasi na huɗu, ya tsaya bayan an tashi.

"Malam, ina so a yi mini wankan nan naku."

Wendell ya rungume shi yana hawaye. Ya san sarai Kuwabara ne ke gaba duk shekara in ana ɗaukar karagar allan unguwa a bikin kaka, amma mai neman tsira da aikinsa ba ya yawan tambaya.

Ranar Ista aka tsoma Baba Kuwabara a bahon roba, bayan ya roƙi arziƙi a ɗan ɗumama ruwan saboda ciwon bayansa. Ajin kaf ya zo cikin kayan fita kunya, aka tafa daidai misali. Ana cikin shan shayi Uwargida Tanabe, shugabar ajin, ta ja Wendell gefe, ta miƙa masa takarda da hannu biyu.

"Malam, ga wannan, don kada hankalinka ya sake tashi baɗi."

Sunaye goma sha ɗaya ne a jere, kowanne da shekara a gabansa, kowanne mai shi ya buga jan hatiminsa. An riga an ja layi a kan na Kuwabara.

"Mene ne wannan kuma?"

"Karɓa-karɓa ce, irin ta share wurin zuba shara a unguwa. Mutum ɗaya a shekara ai ya isa, ko? Mun ga in muka shiga ruwan gaba ɗaya, baɗi ba ka da abin rubuta musu."

"To, Baba Kuwabara fa? Shi da ya zo da ƙafarsa?"

"Shi ya faɗi da muka yi ƙuri'a da wasan hannu na dutse da almakashi da takarda. Sau uku yana fitar da almakashi. Tun muna firamare haka yake, ba ya sauya hannu."

Kuwabara ya matso da tawul a wuya yana goge kunne. "Ai ba komai, Malam. Wancan karon da na faɗi, kwata aka sa ni yashewa. Wannan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba."

"Amma Baba, ka ba da gaskiya kuwa?"

"Malam ya wahala da mu ƙwarai," in ji Kuwabara, ya sunkuya har tawul ɗin ya zame.

Kunya ta rufe Wendell, da baƙin ciki na gaske, don da zuciya ɗaya ya yi hawayen nan. Ya san abin da ya kamaci bawan Allah: ya yayyaga takardar, ya rubuta wa cocinsa gaskiya, ya ɗaure kayansa. Har ya kama gefenta da yatsu. Sai idonsa ya sake bin jerin daga sama zuwa ƙasa, ya ga shekara goma sha ɗaya cif, daidai lokacin da zai ajiye aiki. Ya daɗe yana kallon suna na tara.

"Uwargida Tanabe," ya ce ƙasa-ƙasa, "Baba Morishita fa shekararsa tamanin da takwas. Ba za a matso da shi baɗi ba?"

Ta dube shi da sabuwar girmamawa, ta ce za ta kai maganar gaban aji.